Na Daɗe Ina Addu'a Ba Amsa, Ko Allah Ya Juya Mini Baya Ne?

Tambaya: Salama, Baba Fasto. Maigidana ya daɗe a kwance. Na yi azumi, na yi kwanan addu'a, amma jiki sai ƙara tsanani yake yi. Wani da ake kira annabi ya ce bangaskiyata ce ta gaza, wai sai na shuka iri a hannunsa, wato in ba shi kuɗi, kafin ya buɗe mini hanya, kuma mu ajiye maganin asibiti. Yanzu ko na durƙusa bakina nauyi yake yi. Ina amfanin addu'a in ba a amsawa?

Amsa: Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke, 'yata. Kafin komai, kada maigidanki ya daina shan magani. Sarki Hezekiya da ya yi rashin lafiya ya yi addu'a da kuka, Allah ya ƙara masa shekara 15, amma duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20). Annabin gaskiya ke nan, bai raba addu'a da magani ba.

Sai batun mutumin nan. Wannan koyarwa ta ishe ni, domin kusan kullum sai an zo mini da irinta: wai addu'a ciniki ce, ka ba Allah kaza ya ba ka kaza, in bai bayar ba to kuɗinka ne bai cika ba ko zunubi ne ya tare. Daga ina suka samo ta? Saminu mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa (Ayyukan Manzanni 8). Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala daga hannun Na'aman bayan ya warke. Gehazi, baran Elisha, da ya bi Na'aman a ɓoye ya karɓa, da kuturta ya koma. Yesu kuwa da zai aiki almajiransa cewa ya yi kyauta suka samu, su bayar kyauta. To wa ya naɗa wannan mutum mai gadin ƙofar sama? Ranar da Almasihu ya mutu labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa, kuma 1 Timoti 2:5 ta ce matsakanci ɗaya ne tak tsakanin Allah da mutane. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda suke farauta: mace mai jinya, wadda barci ya ƙaurace wa, ta sayar da ɗan abin hannunta ta kai, in mara lafiya ya rasu kuma a ɗora mata laifi. Su kwashe kuɗin, su bar ta tana tsoron Ubanta na sama. Wannan zalunci ne, kuma za su ba da lissafi.

Da a ce rashin samun abin da aka roƙa alamar ƙarancin bangaskiya ce, da Bulus ya faɗi. Sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korintiyawa 12). Ubangijinmu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, sannan ya ce ba nufinsa ba, na Uba za a yi. Ƙoƙon bai wuce ba. Wa zai ce Yesu bai iya addu'a ba?

Ki lura, a Matiyu 6 an ce Uba ya san bukatarki tun kafin ki buɗe baki. Ashe ba labari muke kai masa ba, zumunci yake nema da mu. Ki ci gaba da roƙon warkarwa, an umarce mu da roƙo, ni ma ina roƙo tare da ke. Amma a cikin wannan zama a gabansa ne yake sassaƙa mutum, haƙuri ya ƙaru, ɗacin rai ya ragu, ki iya kula da maigidanki yau ba tare da tsoron gobe ya cinye ki ba.

Nauyin bakin ma kada ya tayar miki da hankali. Hannatu da take addu'a leɓunanta kawai ke motsi har Eli firist ya zaci ta bugu, Allah kuwa ya ji ta. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu sa'ad da muka rasa abin faɗa. In kin durƙusa kalmomi suka ƙi zuwa, buɗe Zabura 13 ki karanta da murya, Dawuda ma ya tambayi Allah har yaushe. Sannan ki sanar da fastonki da dattawan ikilisiyarku halin da ake ciki, su zo gida su yi wa maigidanki addu'a kamar yadda Yakubu 5:14 ta ce, su kuma taimaka miki da jinyar. Wancan mutumin kuwa kada ki sake taka ƙofarsa.