Tambaya da Amsa: Dole sai na sayi Altium kafin in iya zana allon lantarki?

TAMBAYA: Salamu alaikum Injiniya, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni ɗalibin poli ne a ɓangaren lantarki kuma ina ɗan taɓa gyaran inbata a shagon yayana. Wallahi na gaji da haɗa sakit a kan bero bod, wayoyi ko ta ina kamar taliya, so nake in koyi zana PCB, wato allon lantarki, irin wanda kamfani ke yi. Duk tallar aikin da na gani manhajar zana allo ta Altium suke tambaya, da na duba kuɗinsa sai da na yi salati. Wani abokina ya turo min kirak ɗinsa, wato kwafin da aka fasa don a yi amfani da shi ba lasisi, yau sati biyu ina buɗewa ina rufewa ban gane komai ba. Abin nan na masu kuɗi ne kawai ko ni ne kaina bai ja? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kanka lafiya lau yake, ƙofar da ka shiga ce ba taka ba tukuna.

Bari in fara da maganar kuɗin tunda ita ta tsorata ka. Eh, Altium Designer da tsada, lasisin mutum ɗaya dubban daloli ne a shekara, haka Allegro na kamfanin Cadence da Xpedition na Siemens, waɗannan ma sun fi shi ɗaci. Amma ba don ni da kai aka sa wannan farashin ba, don kamfanonin da ke ƙera waya da mota da kayan asibiti aka sa shi, su a wajensu kuskure ɗaya a allon da za a buga dubu ɗari ya fi kuɗin lasisi nesa ba kusa ba. Ka duba irin kuɗin da ke yawo a harkar ma: Siemens ta sayi Mentor Graphics a 2017 kan dala biliyan 4.5, kamfanin Renesas na Japan kuma ya sayi Altium a 2024 kan kusan dala biliyan 5.9. Altium ɗin nan a Tasmaniya ta ƙasar Ostireliya ya fara a 1985 da sunan Protel, tsofaffin injiniyoyinmu har yau wasunsu Protel suke ce masa. To wanda ya zuba biliyoyi ai ba zai raba maka kyauta ba. Idan ka samu aiki a inda ake amfani da shi kamfanin ne zai biya, ban taɓa ganin inda aka ce sabon ma'aikaci ya zo da lasisinsa daga gida ba.

Kirak ɗin nan kuma dan Allah ka goge shi. Haƙƙin mutane ne, sannan irin waɗannan fayilolin su ne hanyar da birus ke shiga kwamfuta, ga shi ba ka ma buƙatarsa. In dai Altium ɗin kake so ido rufe, suna ba ɗalibai lasisi kyauta na wani lokaci idan kana da imel ɗin makaranta, ka gwada ta nan.

Ni dai shawarata KiCad. Kyauta ne gaba ɗaya, ba irin kyautar nan ta ɗanɗano ba da za a ce maka iyakarka allo kaza. Wani malami a Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fara shi a 1992, ya daɗe ana masa kallon abin wasan yara, sai daga 2013 cibiyar binciken nan ta CERN da ke Jeniba ta sa hannu ta sa injiniyoyinta suka gyara shi, su suka kawo dabarar da idan kana jan layi sauran layukan ke matsawa su ba ka hanya da kansu. Yanzu yana ɗaukar har hawa 32 na jan ƙarfe, kai kuwa hawa biyu za ka yi shekara kana fama da su. Yana aiki a Windows da Linux da Mac kuma ba ya neman intanet bayan ka sauke shi, wanda ya san halin data da NEPA ya san darajar wannan. Akwai EasyEDA shi ma kyauta, yana da sauƙin farawa don a burauza ake buɗe shi kuma a haɗe yake da JLCPCB masu buga allo da LCSC masu sayar da kayan haɗi. Eagle kuwa, wanda yawancin tsofaffin bidiyoyin YouTube ke koyarwa, kar ka ɓata lokacinka a kansa, Autodesk da suka saye shi a 2016 sun sanar cewa daga Yunin 2026 sun daina sayarwa da kula da shi, sun mayar da komai cikin wata manhajarsu mai suna Fusion.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Abin da ya hana ka gane Altium a sati biyu ba yawan maɓallan ba ne kaɗai, ba ka san me ake nema ba ne shi ya sa duk menu ɗin ya zama maka duhu. Duk manhajojin nan hanya ɗaya suke bi: ka zana sakit ɗin da alamomi, ka ba kowane abu sawunsa wato ainihin girman ƙafafunsa da tazararsu a kan allo, ka jera su, ka ja layukan jan ƙarfe, ka sa manhajar ta duba ko ka karya doka, sannan ka fitar da fayilolin Gerber, wato zanen allon a sigar da injin bugawa ke karantawa, da na huji ka tura wa masu bugawa. Wanda ya iya wannan a KiCad, in an ajiye shi gaban Altium 'yan makonni ne zai ware, kamar direban da ya saba da Golf aka ba shi Hilux.

Wahalar gaske tana cikin abubuwan da manhaja ba za ta gaya maka ba. Kai da kake gyaran inbata ka fi kowa sanin layin da ya ƙone ya yi baƙi. Jan ƙarfen da ke kan allo na yau da kullum kaurinsa maikiron 35 ne kacal, layi mai faɗin kwatan milimita wajen amfiya ɗaya zai ɗauka cikin kwanciyar hankali, to ka ƙiyasta abin da zai faru in ka ja siririn layi haka zuwa mosfet, wato tiranzistar da ke kunnawa da kashe wuta mai ƙarfi, da ke jan amfiya 30 daga batir. Manhajar ba za ta ce uffan ba sai in kai ka sa mata dokar. Haka ƙaramar kafasitar nan 100nF, a zane ko ina ka ajiye ta daidai ne, amma a kan allo in ba ta manne da ƙafar wutar IC, wato cif ɗin da take yi wa aiki, ba kusan ba ta da amfani. Ga tazarar da dole ka bari tsakanin ɓangaren wuta mai bolt 220 da ɓangaren ƙaramar wuta, ga hanyar da wuta ke bi ta koma gurawun, wato layin sifili na sakit, ga layukan USB da dole su tafi su biyu kafaɗa da kafaɗa a kan om 90. Waɗannan a datashit, wato takardar bayanin kowane kayan haɗi, da ƙa'idojin ƙungiyar masana'antar lantarki ta IPC irin su IPC-2221 ake samunsu, kuma Altium na dala dubu nawa ba zai karanta maka su ba.

Sawu kuwa shi ne mai kunyata mutum. Allona na farko da na tura waje, na sa ragileta 1117 mai daidaita ƙarfin wuta amma a kaina jerin ƙafafun wata ragiletar, 7805, nake gani, shi 7805 shiga ne, gurawun, fita, shi kuma 1117 gurawun ne, fita, shiga. Na yi kusan wata ina jiran kaya, suka iso fes gwanin sha'awa, na liƙa komai da dalma na jona wuta sai hayaƙi. Manhajar ta ce min ba kuskure ko ɗaya, kuma gaskiyarta, abin da na zana ta duba. Tun ranar kafin in tura allo sai na firinta shi a takarda daidai girmansa na ɗora kayan a kai ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka ɗan kuɗin da kake da shi a bugawa za ka kashe. Kamfanonin ƙasar Sin irin JLCPCB da PCBWay suna buga ƙaramin allo mai hawa biyu, santimita 10 da 10, guda biyar a kan 'yan daloli kaɗan, kuɗin kawowa ne ma yakan ninka na allon, shi ya sa ya fi ku haɗu ku uku ko huɗu a aji ku yi oda ɗaya. Ka fara da abu ƙarami, IC ɗin 555 mai kunna fitila tana ƙyaftawa, sai caja, sai allon maikurokontirola, wato cif ɗin da ake rubuta wa kod, irin ATmega328 naka na kanka. Kar ka fara da inbata. Ranar intabiyu in ka zaro allo uku da ka zana suna aiki ka ajiye a tebur, maganar wace manhaja ka yi da ita a ƙarshe za ta zo.

TAMBAYA: Injiniya a makarantarmu manhajar Proteus ake koya mana, ya wadatar ko sai na ƙara wani? Kuma laftof ɗina ram 4 ce kawai. Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Malama, Proteus na kamfanin Labcenter ne a Ingila, kuma ƙarfinsa a gwaji yake, ki rubuta kod ki ga maikurokontirola tana aiki a kan sikirin kafin ki sayi ko rizisto ɗaya. Ki riƙe shi don wannan. Yana zana allo shi ma amma shi ma na kuɗi ne, kuma ba kasafai za ki ga ana nemansa a tallar aikin zana PCB ba, don haka ki haɗa da KiCad. Ram 4 za ta ɗauki allo mai hawa biyu, sai dai in kin buɗe hoton 3D za ki ji fanka na kuka, ki rufe burauza kafin nan. Abin da za ki saya shi ne maus mai taya, na 'yan kuɗi kaɗan ma ya isa, don jan layi da ɗan faifan yatsa na laftof azaba ce.