Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan faɗuwar gaba da ƙwayoyin homiyofati

Assalamu alaikum. Hajiya admin, ki yi haƙuri, yau zan yi tsawo.

Baiwar Allah da kika ɓoye sunanki, na karanta tambayarki sau uku, a na ukun sai da na ajiye wayar na share hawaye. Kin ce wata biyar ke nan gabanki yana faɗuwa haka kawai, zuciyarki ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, ki ji kamar ranki za a zare, an yi gwaje-gwaje an ce lafiyarki ƙalau. Kin tambaya ko wannan fargabar da kowa ke yi ce, kuma ko ki gwada maganin homiyofati, ƙananan ƙwayoyin nan farare da ake sawa a ƙarƙashin harshe, da maƙwabciyarki ta ce ya yi mata aiki. Wallahi kamar ni na rubuta. Har inda kika ce kina jin kunyar sake faɗa wa maigidanki don kada ya gaji da ke, nan ma ni ce.

Ni tela ce, a Unguwar Rogo nake. Ranar Talata 20 ga Mayu 2014 ina kasuwar Taminus a Jos, na je sayen zare da shafi, sai bama-bamai suka tashi. Ba sai na ba 'yan Jos labarin wannan rana ba. Ko ƙwarzane ban samu ba, takalmi ɗaya kawai na rasa wajen gudu, na dawo gida na yi wanka na ɗora tukunya. Kowa na ta cewa kai, wance akwai taurin zuciya. Ni ma haka na ɗauka. Sai bayan shekara uku cur abin ya waiwayo ni.

Ina cikin keke a Bauchi Road, mu uku a baya, ni ce a tsakiya, ga ledar ɗinkin amarya a cinyata. Babu abin da ya fashe, babu wanda ya yi ihu, cunkoso ne kawai irin na yamma. Sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi daga ƙeya zuwa gadon baya. Tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, yatsuna suka fara mutuwa, leɓena na zuƙi, ƙirjina kamar an ɗora turmi. Na buɗe baki in ja iska, iska ta ƙi shiga. Na ce wa mai keke ya tsaya, ya ce Hajiya bari mu wuce nan, na fasa masa ihun da har yau in na tuna kunya nake ji. Na diro na durƙusa a bakin kwata ina kalmar shahada da ƙarfi, don na gama sakankancewa tawa ta ƙare, kuma abin da ke raina shi ne a titi zan mutu, ƙaramar 'yata ko yaye ta ban yi ba. Mutane suka taru. Wani ya ce farfaɗiya ce, wata ta ce iska ce a matsa mata, wani yaro ya ɗaga waya. Wata mai sayar da tumatir, da gani ba Musulma ba ce, ita ta cire ɗankwalinta ta jiƙa da fiya wata ta riƙa goga mini a fuska tana cewa sannu mama, sannu mama. Ban san sunanta ba, amma har gobe tana cikin addu'ata. Minti goma sha biyar abin ya sake ni, na miƙe kamar wadda ta yi dakan buhu guda. Ledar amarya kuwa ko sama ko ƙasa. Na biya kuɗin leshin mutane.

Daga ranar na shiga yawon asibiti. An ce taifod, na sha. An ce ulsa, na sha. An ɗauki hoton zuciya sau biyu, an ce garau take. Wani likita ko ɗago kai bai yi ba ya ce madam ki rage tunani. Tunanin me? Ni a lokacin ban san ina wani tunani ba. Wani mai kemis ya ba ni Lexotan, rabi da dare, na yi barcin da na manta rabona da shi, na ce alhamdulillahi na samu magani. Bayan wata biyu rabi ya daina yi mini, sai guda, kuma daren da ban sha ba jikina rawa yake har asuba. Don Allah 'yar uwa, Lexotan da Valium kada ki fara su da kanki. Suna kwantar da abin nan take, shi ya sa suke da daɗi, amma jiki yana sabawa da su, fita kuma sai da likita, a hankali a hankali.

Amma duk wannan bai ƙona mini rai ba kamar yayar maigidana. Matar nan, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Da farko ta ce aljanu ne, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, malamin da kansa, Allah Ya saka masa, ya ce bai ga alamar shafa ba, a kai ni asibiti. Da ta ji haka sai ta juya ta ce ai dama iyayi ne, ina yi ne don ƙaninta ya fasa maganar ƙarin aure, maganar da ni ko jin ta ban yi ba sai a bakinta. Ranar sunan 'yar ƙanwarsu, ɗaki cike da mata, abin ya fara taso mini, na miƙe a hankali zan fita tsakar gida in sha iska. Sai ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ku ba ta hanya, 'yan wasan sun iso." Aka kwashe da dariya. Na shiga banɗakin mutane na kulle, na zauna a kan bokiti ina haki, ina jiyo su suna ci gaba da shewa. Shekara nawa yanzu, mun shirya, muna gaisawa, ina ɗinka wa 'ya'yanta kayan salla, amma in na ji muryarta a waya sai na tuna warin banɗakin nan. Wata takwas ban sake zuwa taron kowa ba. Kasuwa ma yaro nake aika, ya sayo mini zaren da bai dace da atamfa ba, in yi shiru in karɓa.

To a wannan hali ne aka kai ni wurin mai homiyofati. Zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, har da abin da ya yi daidai. Mutumin ya zaunar da ni fiye da awa guda. Ya tambaye ni barcina, mafarkina, ko na fi son ɗumi ko sanyi, ko abin ya fi zuwa da dare, me nake tsoro. Shi ne mutum na farko da na ba labarin Taminus daga farko har ƙarshe bai katse ni ba. Na yi kuka na ƙoshi. Ya ba ni 'yar kwalba mai ƙananan ƙwayoyi farare kamar gero, an rubuta Aconite 30C, ya ce in sa uku a ƙarƙashin harshe in abin ya taso, kada in taɓa da hannu. Na fito jikina sakayau. Sati biyu abin bai zo ba. Da ya zo na sa ƙwayar, bayan minti goma ya lafa, na ce Allahu Akbar. Na tallata shi a unguwa fiye da yadda maƙwabciyarki ke yi miki yanzu.

Abin da ban sani ba, firgicin nan dama haka yake. Yana hawa ya kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, sannan ya sauka da kansa, ko kin sha wani abu ko ba ki sha ba. A bakin kwatar Bauchi Road me na sha? Ga shi kuma yana da ranakun hutu, ya yi sati biyu ko uku bai leƙo ba. Duk abin da kika sha a wannan tsakanin shi zai kwashe ladan.

Da abin ya dawo da ƙarfi sai ya canza mini zuwa Gelsemium, daga nan Argentum nitricum, daga nan Ignatia. Kowane zuwa da kuɗin ganinsa da kuɗin kwalba. Na ce masa jiki fa ya ƙara rikicewa, ya ce madalla, alamar magani na aiki ke nan, ciwon ne ke fitowa. Ya kuma ce kada in kuskura in je wurin likitocin ƙwaƙwalwa, za su mayar da ni sususu. Wannan kalma ita ce ba zan yafe masa da sauƙi ba. Wata goma sha ɗaya na yi a hannunsa. Keken ɗinkina na biyu, wanda yarinyar da nake koya wa ke hawa, a nan ya tafi.

Ƙanena da ya karanta haɗa magunguna a Jami'ar Jos shi ya farkar da ni. Ya zo gaishe ni ya ga kwalaben a kan firij, bai ce komai ba, ya ce in ba shi zoɓo da kofuna. Ya ɗiga ɗigo ɗaya na zoɓo a ruwa kaɗan ya girgiza, ya ɗebi ɗigo ɗaya daga nan ya sa a kofi na biyu, daga na biyu zuwa na uku. Ya ce Yaya, ina zoɓon? Ruwa fari tas. Ya ce to 30C ɗin nan ma'anarsa ɗigo ɗaya cikin ɗigo casa'in da tara, a girgiza, a maimaita har sau talatin. Tun wajen na goma sha biyu babu sauran ko ƙwayar zarra ta asalin abin. Wannan ruwan ake ɗigawa a kan ƙwayar sukari. Ya ce wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya ƙirƙiro tsarin a 1796, bisa ra'ayin cewa abin da ke jawo alamar ciwo shi zai warkar da ita in an tsarma shi sosai. Hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta tattara binciken da aka yi a kai, a 2015 ta ce babu wani ciwo da aka samu tabbatacciyar hujja cewa homiyofati na warkarwa. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta ce likitocinta su daina rubuta shi. Daga baya Faransa ma ta daina biya wa mutane kuɗinsa tun farkon 2021. Ni da nake tsammanin maganin Turawa ne na musamman da bai gama isowa nan ba.

Na ga wasu a ƙasan tambayarki suna ɗaukar sa ɗaya da maganin gargajiya ko habbatus sauda. Ba abu ɗaya ba ne. Sassaƙe ko ganye akwai wani abu a cikinsa, ya yi amfani ko ya yi illa. Wannan kuwa sukari ne. Bai taɓa mini ciki ko ƙoda ba, abin da ya ci shi ne lokacina da kuɗina. Sauƙin da na ji a farko kuma na gaske ne, ban ƙaryata maƙwabciyarki ba, amma yanzu na san daga awa gudan nan da aka saurare ni ya fito.

Kan tambayarki ta farko. Fargaba ta kowa da kowa tana da dalili, kuma in dalilin ya wuce ita ma ta wuce. Ranar jarabawa, ranar da za a kai ki ɗaki, ko ki ji an ce an sa dokar hana fita alhali yara ba su dawo daga Islamiyya ba. Mu 'yan Jos wa zai koya mana wannan? Amma wadda ke zuwa kina zaune kina tsince shinkafa, ta sa ki fara tsoron dawowarta, ki daina shiga keke, ki daina zuwa kasuwa, wannan ciwo ne mai suna, kuma yana da magani. Akwai kuma wani nau'in da ba ya zuwa da faɗuwa irin tawa, zullumi ne kawai kullum a kan komai, wata shida ko fiye, ga rashin barci, ga wuya da kafaɗa a ɗaure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ire-irensa. Da na ji adadin nan dariya na yi, na ce ashe 'yan wasan suna da yawa.

Ƙanen nawa ne ya ja ni sashen likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Lamingo. Da niƙabi na je, ni da ban saba sawa ba, don kada a ce an ga wance a layin mahaukata. A layin na ga malamin makaranta, na ga soja, na ga wata Hajiya da zobban gwal. Likitar ta sa aka duba maƙoƙo, don in ƙwayar wuyan nan tana aiki fiye da ƙima tana kawo bugun zuciya da rawar hannu iri ɗaya sak, aka duba ƙarancin jini da sukari. Ke ma ki tambaya ko an duba miki waɗannan, don cewa an yi gwaje-gwaje ba ya nufin an yi su. Ta ɗora ni a kan sertraline, ta gaya mini tun farko cewa satin farko da na biyu zan iya jin tashin zuciya, fargabar ma ta ɗan ƙaru, kuma sai sati huɗu zuwa shida zan ga amfaninsa. Haka aka yi. Da ba ta faɗa ba da na watsar a kwana na biyar. Ba a kuma yanke shi rana ɗaya. In kina da ciki ko kina shayarwa ki faɗa tun kafin a rubuta miki komai.

Aka kuma haɗa ni da wani mai ba da shawara, shi ya koya mini in daina gudun abin. Ya ce jikina ƙararrawar haɗari yake bugawa alhali babu haɗari. In ja numfashi ta hanci a hankali, in sake shi a hankali fiye da yadda na ja, in bar abin ya hau ya sauka. Ya sa na fara shiga keke daga bakin layinmu zuwa bakin titi kawai, sati na gaba zuwa Farin Gada, a haka a haka. Ranar da na taka Taminus da ƙafata na sayi zare, na zauna a shagon mutumin na yi ta kuka, shi kuma ya rasa me ya yi mini.

Af, goro. Ni mai goro ce tun ina budurwa, ga Nescafe da nake sha in zan kwana ɗinkin salla. Duka biyun suna tayar da bugun zuciya, haka lemukan ƙarin kuzarin nan da yara ke sha. Ki rage ki gani. Azkar ɗinki kuma kada ki bari, ni ban bari ba, kuma babu malamin kirki da ya ce mini shan magani raunin imani ne. Wanda ya ce miki rashin tawakkali ne ke damunki, ki ce masa mai hawan jini ma haka ake ce masa?

In ciwon ƙirjin ya zo da wani salo daban, yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ko kika suma, kada ki ce ai fargaba ce, ki tafi asibiti a lokacin. In kuma zuciya ta fara raya miki cewa gara mutuwa, yau ɗin nan ki faɗa wa wani, kada ki kwana da shi. Ni ta raya mini, a wata takwas ɗin nan da na kulle kaina.

Maigidanki kuma ki tafi da shi ranar ganin likita. Nawa sai da ya ji daga bakin likita sannan ya daina cewa in daure. A mota muna dawowa bai ce uffan ba har muka wuce British, sannan ya ce, "Ashe da gaske kike." Na so in ce masa wani abu, na fasa.

Har yanzu yana leƙo ni jefi-jefi, musamman in gari ya ɗan rikice. Farkon wata mai zuwa zan koma ganin likita. In kina Jos kuma kina tsoron zuwa ke kaɗai, ki gaya wa Hajiya admin ta haɗa mu, sai in biyo in ɗauke ki. Niƙabin ma yana nan in kina so.