Ɗana yana buga wa jami'a ƙwallo a Amurka, zai iya karɓar kuɗin da ake ba abokansa?

Barista, ɗana yana karatu a wata jami'a a Amurka da bizar ɗalibai, yana kuma buga musu ƙwallon nan tasu mai kama da zari-ruga. Abokan wasansa suna karɓar kuɗi. Yanzu wani dillali ya kawo masa takarda ya sa hannu, shi ma a fara biyansa. Me ya kamata mu yi?

Alhaji, kada yaron ya sa hannu a kan komai tukuna. Gaskiya ne abokansa suna karɓar kuɗi kuma doka ta ba su dama, amma matsayinsa ba ɗaya ba ne da nasu.

Shekara da shekaru hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ta hana a biya 'yan wasa, alhali jami'o'i da masu horarwa suna kwasar miliyoyi da guminsu. A watan Yuni na 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta kayar da hukumar a shari'ar Alston, alƙalai tara duka bakinsu ɗaya. Daga 1 ga Yuli na shekarar aka bar ɗan wasa ya ci moriyar sunansa da hotonsa ta hanyar talla, abin da suke kira NIL. Sai kuma a ranar 6 ga Yuni 2025 Mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sasancin shari'ar House, wata ƙara da 'yan wasa suka shigar a kan NCAA: za a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8, kuma kowace jami'a tana iya raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Duk cinikin talla da ya kai dala 600 sai an kai rahotonsa an tantance.

Inda gizo ke saƙar shi ne biza. Bizar F-1 ta karatu ce. Aikin da ta halatta kai tsaye shi ne na cikin harabar makaranta, awa 20 a mako lokacin karatu. Idan yaron ya tsaya aka ɗauke shi hoton talla, ko ya wallafa tallar wani kamfani a Instagram don a biya shi yana cikin Amurka, hukumar shige da fice tana iya ɗaukar wannan a matsayin aiki ba da izini ba. Sakamakon shi ne rasa matsayinsa na ɗalibi, kuma tabon zai biyo shi duk ranar da ya sake neman biza. Sasancin House bai gyara wannan ba, domin alƙaliyar ba dokar biza ta zauna a kai ba. A ganina wannan rashin adalci ne ga yaran da ake karya musu ƙashi a fili ɗaya da sauran, amma haka dokar take a yau.

Akwai mafita. Ta farko, ya yi aikin tallar a wajen Amurka, misali idan ya zo hutu gida, a kuma biya shi kan aikin da ya yi a nan. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango mai buga wa Kentucky ƙwallon kwando, haka ya yi a 2022 lokacin da ƙungiyarsu ta je Bahamas. Ta biyu, yarjejeniyar da zai ba da izinin amfani da sunansa kawai, kamar a rigunan da ake sayarwa, ba tare da ya ɗaga ko yatsa ba. Lauyoyi da dama suna ganin wannan ba aiki ba ne, sai dai a kula da yadda aka tsara kalmomin. Ta uku, canza biza zuwa P-1 ko O-1, amma waɗannan sai wanda ya yi fice sosai.

Shi kuma dillalin, a karanta takardarsa layi-layi. Gervon Dexter, lokacin da yake buga wa jami'ar Florida irin wannan ƙwallon, ya karɓi dala 436,485 daga wani kamfani a kan zai riƙa ba su kashi 15 cikin 100 na albashinsa na NFL, gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, har shekara 25, daga baya sai da ya garzaya kotu. Alkawarin baka kuma ba abin dogaro ba ne: wani ɗan wasa, Matthew Sluka, ya bar jami'ar UNLV da ke Las Vegas ana cikin kakar wasa ta 2024 yana cewa an yi masa alkawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba. Ku duba nawa dillalin zai cira, tsawon wane lokaci, da abin da zai faru idan yaron ya ji rauni ko ya koma wata makaranta. Akwai kuma haraji. Najeriya ba ta da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Amurka, don haka ana iya cire masa har kashi 30 tun kafin kuɗin su iso hannunsa.

A wannan makon ya kai takardar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa, da ofishin da ke kula da bin ƙa'ida a sashen wasanni, ya nemi su ba shi amsa a rubuce. Bayan nan ku ɗauki lauyan shige da fice mai lasisi a Amurka, wanda ku za ku biya shi, ba wanda dillalin ya kawo ba.