Albashin wata ko jinga? Amsa ga mai shagon ɗinki a Wunti

Wani mai shagon ɗinki a kusa da Kasuwar Wunti a Bauchi ya rubuto: "Teloli shida gare ni, kowa albashin wata yake karɓa. Biyu suna aiki tuƙuru, sauran sai hira da danna waya. Ga azumi ya ƙarato. In mayar da su jinga, kowa a biya shi iya abin da ya ɗinka?"

Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. A taƙaice, mayar da su, amma ba yadda kake shirin yi ba.

Akwai masanin da ya ƙarar da rayuwarsa kan wannan tambaya taka, Edward Lazear, malami a makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Stanford a Amurka. Shi ya shugabanci majalisar masu ba Shugaba George W. Bush shawara kan tattalin arziki daga 2006 zuwa 2009, ya rasu a 2020. Wani bincikensa da ya yi suna ya fito a shekarar 2000, a kan Safelite, kamfanin da ke saka gilashin mota. A 1994 kamfanin ya fara daina biyan ma'aikata bisa awa, ya koma biyan su bisa yawan gilashin da kowa ya saka. Lazear ya bi bayanan ma'aikata kusan 3,000, ya tarar aikin da mutum ɗaya ke fitarwa ya ƙaru da kashi 44 cikin 100.

Masu shago da sun ji 44 ɗin nan sai su tsaya nan. Ku saurari ragowar. Kusan rabin ƙarin ne kawai ya zo daga tsofaffin ma'aikata da suka ƙara ƙwazo. Ɗaya rabin, masu hannu ne suka zauna, irinsu suka shigo, masu sanyin jiki suka riƙa zamewa. Wato cikin huɗun nan naka, wani zai farka, wani kuma zai ɗauki almakashinsa ya yi gaba. Idan ɗan yayarka na cikinsu, ka shirya abin da za ka faɗa a gida tun yanzu.

Kamfanin kuma bai bar kowa a tutar babu ba. Ya ajiye wani mafi ƙarancin kuɗi da ma'aikaci zai samu ko da aikinsa bai kai ba. Kai ka fi su buƙatar wannan. Ranar da aka ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, ko makonnin bayan Sallah da shago ke komawa kamar an yi shara, ba laifin tela ba ne. Ka yanka masa ɗan abin da zai riƙe gida kowane mako, jinga ta hau kai. In ba haka ba, biyun nan da kake taƙama da su ne za su fara tafiya.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne kyawun aiki. Gilashin mota ɗaya kamar ɗan'uwansa yake, ɗinki kuwa ba haka ba. Telan da ke ƙirga kai zai faɗaɗa taku, ya bar zare na reto a bakin hannu, aljihu ya karkace, ya yi guga sama-sama. Kwastoman da ya kawo shadda mai tsada ya ga wuya ya tattare ba zai yi faɗa ba, kawai ba za ka sake ganinsa ba. A Safelite, gilashin da aka saka ba daidai ba sai a sake shi ba ladan aiki. Yi haka: kowane kaya a rubuta sunan wanda ya ɗinka a littafi, in ya dawo gyara, wanda ya ɗinka shi ya gyara kyauta.

Kar kuma ka yi kuɗi ɗaya. Babbar riga ba kaftani ba ce, kaftani ba kayan yara ba ne. In ka daidaita su, kowa zai yi wawar mai sauƙi a bar maka mai wahala a kan tebur. Ku zauna da su ku tsayar da kuɗin kowane iri, kai ne kuma mai rabon aiki.

Yaran da ke koyo fa? Mai jinga ba ya ajiye keke don ya nuna wa yaro yadda ake haɗa wuya. Ware mutum ɗaya, ka ƙara masa wani abu a kan wannan.

Kar ka fara a tsakiyar azumi, ido ya rufe. Fara wata guda kafin nan, ka ajiye littafi biyu: abin da kowa zai samu a tsohon tsari da na sabo, ka nuna musu ranar Alhamis kafin a tashi.