Tambaya da Amsa: Na'ura ta ba ni nauyi, ta hana ni suna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a kimiyyar abinci, ina bincike a kan kindirmon da matan Fulani ke kawowa kasuwa. Na tura samfur 12 wani ɗakin gwaji aka auna da na'urar tantance sinadarai ta LC-MS, suka turo mini lambobi sama da 2,000. Da na sa 326.207 a wani rumbun bayanai na intanet sai ya ba ni Ile-Pro-Pro, wanda na karanta ana cewa yana rage hawan jini. Na yi murna sosai. Amma 760.585 ya kawo mini sunayen maiƙo da suka cika shafi. Malamin da ke duba aikina ya ce ko ɗaya ba zan rubuta ba. Wa ke da gaskiya tsakaninmu?
Wata ɗaliba, daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Malaminki ne ke da gaskiya, kuma ki gode Allah da Ya haɗa ki da wanda ya tare ki kafin ki tsaya gaban masu jarrabawa. Sai dai aikinki bai lalace ba. Abin da ke hannunki rabin shaida ne, ragowar kuma ana iya samunta.

Wannan na'ura ba ta karanta suna. Sikeli ce. Tana sa wa ƙwayoyin sinadari cajin lantarki, ta auna nauyin kowace a kan cajinta, ta ba ki lamba. Ma'aunin shi ne dalton, sunan John Dalton na Ingila, kuma an tsayar da shi a kan cewa kabon na gama-gari, wato kabon-12, yana da 12 cif. Sauran duk suna da ɗan wutsiya: haidurojin 1.00783, naitirojin 14.00307, oksijin 15.99491. Wannan wutsiyar ce jarinmu. Amino asid ɗin nan biyu (tubalan da ake gina furotin da su), laisin da gulutamin, tsohuwar na'ura za ta ce kowanne 146 ne, alhali laisin 146.1055 ne, gulutamin kuwa 146.0691. Na'urorin zamani irin Orbitrap, wadda Alexander Makarov ya ƙirƙira aka fara sayarwa a 2005, suna raba su ba wahala.

To amma iyakar sikeli ke nan. In kin yi sa'a, nauyin zai gaya miki kabon nawa ne, haidurojin nawa, oksijin nawa. Ba zai gaya miki yadda aka jera su ba. Da tubali dubu ana iya gina shago, ana iya gina katanga, in aka ɗora su a sikeli kuma duk ɗaya ne. Ko adadin tubalin ma ba kullum ake samunsa da tabbas ba: a 2006 Tobias Kind da Oliver Fiehn sun nuna cewa ko kuskuren na'ura bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba, nauyi kaɗai ba ya tsayar da tsarin sinadari guda idan ƙwayar ta ɗan girma.

Mu ɗauki lambarki. Amino asid uku, aisoliyusin (Ile) ɗaya da furolin (Pro) biyu, in suka haɗu suna ba da 325.200, a ƙara haidurojin mai caji da na'ura ta liƙa musu, 1.007, sai ya zama 326.207. Lissafin rumbun bai yi ƙarya ba. Matsalar ita ce liyusin (Leu) da aisoliyusin tagwaye ne, kowanne 131.0946, ba ko ɗigo tsakaninsu. Saboda haka Leu-Pro-Pro ma 326.207 ne. Ki juya jerin kuma, furolin a gaba, ko aisoliyusin a tsakiya, za ki samu feftayid, wato gajerun sarƙoƙin amino asid, shida daban-daban masu nauyi ɗaya, ban da wasu sinadaran da ba feftayid ba ne sam. Kuma Ile-Pro-Pro da Leu-Pro-Pro duka suna cikin kazin, furotin ɗin madarar shanu, don haka ba za ki ce ɗayan ba shi da hanyar shiga kindirmo ba. Rumbun ya ba ki wanda ya fi shahara ne kawai, wanda masu bincike a Japan suka yi ta rubutu a kansa daga madara mai tsami. Kama da wane ba ta wane.

Ga wani misali daga cikin ƙwaryarki. Na tabbata a jerin nan akwai 365.105, kuma babba ne. Wannan laktos ne, sukarin madara, ɗauke da sodiyam. Amma sukarin rake da ake zubawa a fura shi ma 365.105 zai bayar, haka maltos. Da a ce tambayar bincikenki ita ce ko ana ƙara wa kindirmo sukari, lambar nan ita kaɗai ba za ta amsa ba.

Yanzu abin yi. Ki rubuta wa ɗakin gwajin, ki tambaye su ko sun yi MS/MS, wato ko sun ware ƙwayar 326.207 sun buga ta da iskar gas ta farfashe, sun auna gutsattsarin. Sau da yawa sun yi, ba su dai turo ba saboda ba a nema ba. Feftayid yana karyewa ne a gaɓoɓinsa kamar kara. Idan furolin biyun suna ƙarshe, za ki ga 213.123 da 116.071, ki kuma ga 86.096 daga liyusin ko aisoliyusin. Idan kuwa liyusin ne a ƙarshe, 132.102 za ki nema. Da wannan kin rage shida zuwa biyu. Biyun da suka rage gutsattsarinsu kusan iri ɗaya ne, sai dai a raba su da lokacin fitowa. Kafin samfur ya isa sikeli yana bi ta wani siririn bututu da ke riƙe kowane sinadari gwargwadon halinsa, kowa da mintin da yake fitowa. Ki sayi tsantsar Ile-Pro-Pro da tsantsar Leu-Pro-Pro, a zuba su a na'ura ɗaya, bututu ɗaya, in da hali rana ɗaya da samfurinki. Wanda ya fito a minti ɗaya da naki, da gutsattsari iri ɗaya, shi ne. Wannan ne zakaran gwajin dafi, ba wani.

Na san kuɗi ne. Na san yadda ɗalibi ke tara kuɗin gwaji daga albashi da gudummawar 'yan'uwa. Shi ya sa nake cewa kada ki nemi tabbatar da 2,000. Ki zaɓi uku ko huɗu da hujjar kundinki ta rataya a kansu, ki kashe kuɗin a nan.

Maiƙo ya fi feftayid rikici, bari in ɗan daɗe a kansa. Lambarki 760.585 ta dace da fosfatidilkolin, wani maiƙo mai jeloli biyu na sarƙar kabon, mai kabon 34 a jelolin da mahaɗi mai ninki guda, wanda ake rubutawa PC 34:1. Yana da yawa a madara, a ƙwai, a jikin mutum. Amma PE 37:1, wani dangin daban, nauyinsa ɗaya da shi har ƙarshen lamba. A wasu samfura mutum zai iya cewa maiƙo mai adadin kabon da ba ya rabuwa biyu daidai, kamar 37, ba kasafai ake samunsa ba. A madarar saniya ba za ki faɗi haka ba, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbinta suna ƙera asid mai kabon 15 da 17, suna kuma shiga nono. Farfasawa ce ke raba gardama: dangin PC suna sakin gutsure mai 184.073, dangin PE kuwa suna zubar da 141.019.

Ko kin ga 184.073, dangi kika gano da jimillar kabon. Shin jelolin 16 da 18 ne, ko 14 da 20? Ninkin yana jelar 18 ne ko ta 16? Sai an sake awo da cajin negatif kafin jelolin su fito ɗaiɗai. In sun fito kuma aka ga 18:1, akwai sauran magana, domin oleyik, wanda ya cika man gyaɗa, da baksenik, wanda ake samu a kitsen dabbobi masu tuƙa, nauyinsu ɗaya, 282.256, wurin ninkin da fasalinsa ne suka bambanta. Wannan ne ya sa shafin ya cika miki da sunaye. Masu rumbun LIPID MAPS sun tsara yadda ake rubuta kowane mataki: in jimilla kawai kika sani ki rubuta PC 34:1, in kin san jelolin ki rubuta PC 16:0_18:1. Kada ki kwafo dogon sunan nan mai nuna wurin ninki alhali ba ki auna shi ba.

Ki kuma duba 782.567 a jerinki. Wannan PC 34:1 ɗin ne dai, ya ɗauki sodiyam maimakon haidurojin, tazarar 21.982. Rumbu zai iya ce miki PC 36:4 ne, mai 782.569, domin 0.002 kawai ke tsakaninsu, kuma in kin ba shi sassaucin kashi 5 cikin miliyan duka biyun za su shige. Daga nan za ki gane lambobinki 2,000 ba sinadarai 2,000 ba ne. Sinadari ɗaya yana iya fitowa sau huɗu ko biyar: da haidurojin, da sodiyam, da amoniyam, da wanda ya zubar da ruwa, da kuma inuwarsa mai kabon-13, nau'in kabon da ya ɗan fi na gama-gari nauyi, wadda ke gaba da shi da 1.003. Inuwar nan ma tana da amfani. Kabon-13 kashi 1.1 ne cikin ɗari na kabon, don haka tsayinta yana ƙirga miki kabon: a 326.207 ki sa ran wajen kashi 18 cikin ɗari na tsayin asalin, a 760.585 wajen kashi 46. In kika ga abin ya yi nisa da haka, sunan da rumbu ya ba ki ba shi ba ne.

Game da rubutu a kundi, tun 2007 masana wannan fanni suka amince da matakai huɗu. Na ɗaya, an gwada da tsantsar sinadari an samu daidaito ta hanyoyi biyu masu zaman kansu. Na biyu, gutsattsari sun dace da na rumbu amma ba a gwada da tsantsa ba. Na uku, dangi kawai aka sani. Na huɗu, ba a san shi ba, sai nauyinsa da lokacin fitowarsa. Ki ƙara layi a jadawalinki ki sa wa kowane sinadari matakinsa. Yau 326.207 ɗinki bai wuce "mai yiwuwa feftayid mai furolin biyu" ba. Abin da ya sa na dage shi ne, in kika rubuta cewa kindirmo yana ɗauke da maganin hawan jini, gobe wani zai karanta a rediyo, jibi wata tsohuwa ta ajiye ƙwayoyinta ta koma shan nono. Ko a ƙasashen da aka gwada Ile-Pro-Pro a jikin mutane, har yanzu ana jayayya a kan ƙarfin tasirinsa.

Tambaya: Malam, mun tatsi ganyen zogale muka auna da GC-MS, 'yar'uwar LC-MS da ke mai da samfur tururi kafin awo. Abin da ya fi komai yawa shi ne wani mai suna fitalet, kuma rumbun NIST ya ba shi maki mai yawa. Shin shi ne sinadarin maganin zogale?
Wani ma'aikacin ɗakin gwaji, daga Katsina

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Rumbun ya faɗi gaskiya a kan sunan, amma fitalet sinadarin da ake sa wa roba ne don ta yi laushi. Alamarsa a GC-MS gutsure ne mai 149, a LC-MS kuwa wanda ya fi yawa yana fitowa a 391.284. Na taɓa shafe mako biyu ina bin wannan lamba a wani aikin man kaɗanya, tana cikin kowane samfur, har na fara shirin rubuta ta. Sai da na zuba ruwan tatsar shi kaɗai, ba man, na ga ta fito da tsayinta. Daga tiyon roba da muke ɗebo ruwan take. Na sha ganin ta a kundaye an jera ta cikin sinadaran tsirrai, kuma abin yana damuna.

Ka tambayi kanka a me aka zubo ganyen daga gona, a me aka ajiye garin, wane irin murfi ne a kwalbar. In a leda aka ƙulle shi, ka samu amsa. Ka sake tatsa da kayan gilashi zalla, ka haɗa kwalba ɗaya fanko wadda za ta bi duk matakan ba tare da ganye ba, ka auna ta kafin samfurin. Duk abin da ya fito a fankon ka cire shi daga jerin zogale. In ka ga 207 da 281 suna ƙaruwa wajen ƙarshen awo, su ma ba na ganye ba ne, rufin cikin bututun na'urar ne ke zuba saboda zafi.