Me ya sa layin ƙasan rubutu ke yanke ƙafar "g" da "y" a Word?

Tambaya: Malam, ina buga takardar makaranta a Microsoft Word. Duk kan maganar da na ja wa layi, sai layin ya ratsa ƙafafun haruffa, kalma kamar "gyara" ta cakuɗe. Kwamfutata ce ta lalace?

Amsa: Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Haruffa biyar ne ke saukar da ƙafa ƙasan layin da sauran ke zaune a kai: g, j, p, q da y. Hausa ba ta cika amfani da p da q ba, amma g da y da j suna ko'ina, ga kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ kuwa sama take kallo, layin ba ya taɓa ta.

Wanda ya zana salon harafin shi ke ƙayyade nisan layin da kaurinsa, Word kuma ya ja shi a miƙe ba tare da ya kauce wa komai ba. Shi ya sa Ctrl+U, maɓallan jan layi, ba ta da wurin gyaran nisa. Manhajojin shiga intanet sun sha bamban: tun 2018 Chrome ke katse layin a daidai ƙafar harafi, ya ci gaba bayanta.

Maganin da ya fi inganci ga kan magana shi ne ka cire layin, ka sa layin iyaka (border) a ƙasan rubutun a madadinsa. Danna cikin sakin layin, ka shiga Home, ka buɗe Borders and Shading, ka zaɓi gefen ƙasa kaɗai, sannan Options. Nisan yana farawa daga 1. Mai da shi 3 ko 4. Layin zai miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, don haka ka matso da alamomin gefe a kan rula idan gajere kake so.

In kalma ɗaya ce a tsakiyar jimla, wannan dabarar ba za ta yi ba, domin Word zai zagaye ta da akwati. Nan gara ka kaurara ta da Ctrl+B ko ka karkata ta da Ctrl+I. Dama jan layi gadon tafireta ne, wadda ba ta iya karkata rubutu.

Idan kuma haruffan suna fitowa a gutsure, duba tazarar layuka a Paragraph. Mai yiwuwa an sa ta a Exactly da adadin da ya gaza girman harafin. Mayar da ita Single.