Dawaki biyu a barga ɗaya: amsoshin tambayoyinku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ingarma ɗaya, akawal, wanda nake hawan Sallah da shi. Yanzu yarona ya tasa, ina son in saya masa nasa kafin Babbar Sallah. Bargar tawa ɗaki ɗaya ce, tsawonta ƙafa 14, faɗinta ƙafa 12. Wani dillali ya nuna mini wani ingarma kili mai kyan gani, kuɗinsa kuma da sauƙi. In saya in haɗa su a ɗakin? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya yaro. Kada ka sa dawaki biyu a ɗakin nan, kuma kilin da aka nuna maka ba shi ne dokin yaro ba.

Mu fara da ɗakin. Awon da masu kiwon dawaki suka fi amfani da shi ga doki ɗaya shi ne ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi. Ka ga naka ɗakin na doki ɗaya ne da ɗan rara. Ko ka ce za ka raba shi da katanga, kowanne zai tashi da ƙafa 7, wanda bai isa doki ya juya ba, balle ya kwanta. Mutane suna cewa ai doki a tsaye yake barci. Gyangyaɗi ne yake yi a tsaye. Barci mai nauyi sai ya kai ƙasa. A wuri mai ƙunci kuwa, in ya yi birgima ƙafafunsa suka tokare da bango, tashi kan gagare shi, ya kwana yana fafutuka har ya ji wa kansa ciwo.

Sai halin dabbar. Doki ba ya son zaman kaɗaici, wannan gaskiya ne, don haka tunaninka na samo wa akawal abokin zama ba laifi ba ne. Amma duk inda dawaki biyu suka haɗu sai sun fitar da babba a tsakaninsu. A fili abin ba ya daɗewa: mai ƙarfi ya kwantar da kunnuwa, ya miƙa wuya, ɗayan ya ja da baya, magana ta ƙare. Cikin ɗaki babu inda zai ja ya tafi. Bango ya tare shi, shi kuma babban gani yake an raina shi, sai cizo da harbi. Harbi ɗaya a ƙwauri ya isa ya karya ƙashi, kuma dokin da ya karye a nan da wuya a sake ɗora masa sirdi. In ingarmu ne su biyun, abin ya fi muni, musamman in iska ta kawo musu ƙanshin goɗiya daga maƙwabta.

Za ka iya cewa ai a bargar sarakuna ingarmu ne jere reras. Haka ne, amma ka lura da yadda ake ɗaure su: kowanne da turkensa, kowanne da wurin cinsa, kuma akwai 'yan barga da ke kwana kusa da su. Abin da zan ba ka shawara ke nan ka kwaikwaya. Bar akawal a ɗakinsa, ka kafa wa sabon rumfa a tsakar gida inda za su riƙa hangen juna. In duka a turke za ka ɗaure su, ga yadda ake awon tazara: ka ɗauka kowanne ya ja igiyarsa har ƙarshe ya juya wa ɗan'uwansa baya ya miƙe ƙafa. In kofato zai kai ga ɗayan, turakun sun yi kusa. In kuwa gini za ka yi, katangar tsakani ta kai ƙirjin doki, a ɗora sandunan ƙarfe a sama, a matse su yadda kofato ba zai shige ba. Ban da waya mai ƙaya, ban da langa-langa mai kaifin baki. Ka bar tagogi sama don iska, domin zaurin fitsarin dawaki biyu a rufaffen wuri shi ke jawo tarin da ba ya jin magani.

To wane doki za ka saya? Goɗiya dai cire ta daga lissafi muddin akawal yana gidan. Kusan duk kwana 21 take neman namiji, na tsawon kwana biyar zuwa bakwai, kuma a kwanakin nan ba kai ba barci. In aka yi sake igiya ta tsinke, sai ka shirya renon ciki na wata 11. Abin da ya dace da yaro shi ne fiɗiyayyen doki da ya natsu, mai shekara takwas zuwa sha biyu, wanda ya saba da ganga da ƙarar bindiga. Na san mutanenmu suna yi wa fiɗiyayye kallon raini, wai ba ya taƙama a gaban jama'a. Amma ka leƙa filin folo na Kano, ko Katsina, ko Kaduna: akasarin dawakin da ake wasa da su fiɗiyayyu ne da goɗiyoyi, kuma ba wanda zai ce ba su da gudu ko zuciya. Taƙamar da kake so a ranar Hawan Daushe kwalliya da iya zama a sirdi ke kawo rabinta. In kuwa ranka ya kwanta da kilin nan ƙwarai, to likitan dabbobi ya fiɗiye shi, da allurar rigakafin tatanas, ba dandaƙa irin ta gargajiya ba, sannan ka ba shi kamar mako shida kafin halinsa ya fara sauka. Ko da hakan, ingarman da ya manyanta kafin a fiɗiye shi ba lallai ya bar duk halayensa ba.

Sauƙin kuɗin nan ma ya sa ni tunani. Sallah na matsowa kuɗin doki hawa yake yi, ba sauka ba. Ka tafi da wanda ya san haƙori ya duba maka shekarunsa, a ɗaga kofato huɗun ɗaya bayan ɗaya, a sa shi sassarfa a ƙasa mai tauri ka ga ko yana ɗingishi. Ka kuma je wurinsa ran da dillali bai san za ka zo ba.

Abu na ƙarshe, wanda aka fi yin sakaci da shi: dokin da ya fito kasuwa, ko Maigatari ce ko Mai'aduwa, ya cuɗanya da dabbobin ƙasashe daban-daban. A ƙarshen 2018 zuwa 2019 murar dawaki ta ɓarke a jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, ta kashe jakuna masu yawa, kuma ta numfashi da majina take yaɗuwa. Don haka sabon doki ya yi mako biyu zuwa uku a ware, da bokitinsa, da ragamarsa. A riƙa auna zafin jikinsa safe da yamma. Na lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. A ba shi maganin tsutsar ciki, a cire masa kaska. Bayan nan su fara gaisawa ta saman katanga, su shinshini juna, su yi 'yar ƙararsu, kwanaki kaɗan kafin a fita da su tare. In ka lissafa duk wannan ka ga lokaci ba zai kai ba, ara wa yaro doki a bana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA: Malam, ni da maƙwabcina muka haɗa kuɗi muka gina barga, kowa da dokinsa, muna raba kuɗin abinci biyu daidai. Komi ɗaya ake zuba musu. Wata uku ke nan nasa yana ta ƙiba, nawa yana ramewa har haƙarƙari ya fito. Ina zargin yaron barga. In raba gari da su? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Malam, kafin ka zargi yaro, je ka tsaya da kanka a lokacin da ake zuba abinci, ka yi shiru ka kalla. Ina kyautata zaton ɓarawon naka ƙafa huɗu gare shi. A komi ɗaya, babban doki ne ke cinye dusa da hatsi, sai ya ƙoshi ya bar wa ƙaramin karan harawa. Naka ma da yake cin abin da ya samu a tsorace, cikin gaggawa, ba ya tauna shi yadda ya kamata. Wato kana biyan rabin kuɗi, dokinka yana samun abin da bai kai rabi ba.

Maganin ba shi da tsada. Komi biyu, bokitin ruwa biyu, nesa da juna, kuma a ɗaure kowanne har ya gama cin hatsinsa. Harawa da ciyawa, in sake su ake yi a fili, a zuba kashi uku, domin duk wanda aka kora daga wani ya tarar da wani. Kada a zuba a kan rairayi. Doki na haɗiye yashi tare da abinci, ya taru a hanji ya zama ciwon ciki.

A rana doki na bukatar busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa. Dokinmu na gida mai kilo 350 zai ci wajen kilo 7, kuma mafi yawansa ya zama harawa da ciyawa, hatsi ƙari ne kawai. Ruwa kuwa lita 25 zuwa 40, a bazara fiye da haka. Kada ganin ramar ta sa ka tula masa dawa rana ɗaya. Tumbin doki ƙarami ne, kuma ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga. A ƙara kaɗan-kaɗan cikin kwana bakwai zuwa goma, a raba sau uku a yini. In an yi wata guda a haka bai murmure ba, sai a duba tsutsa da haƙora, don turamen doki kan yi kaifi su yanki kumatu. Kai da kake Zariya ma, asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai.

Game da raba gari, ban ga dalili ba tukuna. Sai dai zo mu zauna, zo mu saɓa ne, don haka ku rubuta sharuɗɗa a gaban shaidu: kowa ya sayi hatsin dokinsa, harawa ku haɗa kuɗi ku saya da kaka lokacin da take araha, wa zai biya in dokin wani ya harbi na ɗayan, wa ke da ikon kiran likita in mai doki ba ya gari, kuma ba mai kawo baƙon doki ya kwana sai da yardar ɗayan.

TAMBAYA: Muna da ƙuru na yara da babban dokin maigida a wuri ɗaya, sun shaƙu ƙwarai. Ƙurun ya yi ƙiba sosai, kwanan nan kuma yana taka ƙafafun gaba da ƙyar. In an fita da babban sai ya yi ta haniniya yana zagaye turke. Mu sayar da shi? Daga wata uwargida a Katsina.

AMSA: Hajiya, batun ƙafar ya fi gaggawa, a kira likita yau. Ƙuru ba ya bukatar hatsin da babban doki ke ci, kuma in yana satar na abokinsa, yawan hatsin da ƙiba kan jawo kumburi a cikin kofato. Taɓa kofaton ki ji ko da zafi, ki kuma duba ko yana tsayawa yana miƙa ƙafafun gaba yana mai da nauyinsa baya. Kafin likita ya iso a janye hatsi gaba ɗaya, a bar shi da busasshiyar ciyawa da ruwa, a tsayar da shi a ƙasa mai laushi, kuma kada yara su hau shi.

Haniniyar kuwa ba dalilin sayarwa ba ce. In ya warke, a riƙa fita da babban na minti goma a dawo, ana ƙara lokacin a hankali, a kuma zuba wa ƙurun ciyawa daidai lokacin fitar. Wasu kan ajiye akuya ko tunkiya a bargar ta ɗebe masa kewa, kuma yana aiki, sai dai a ɗaga buhun dusa inda bakinta ba zai kai ba.